Gardamata da Tabawa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, maigidana da ba ya cefane. Kakarka Hajiya Kande ce daga Kurfi.

Ni da aminiyata Tabawa mun saba sauraron littafin da kake karantawa a rediyo muna ɓarar gyaɗa, na ƙawayen nan da ɗaya ta ɓoye wa ɗaya ciwonta. Na ce cin amana ne. Tabawa ta ce, "Tausayi ne, ke dai tsohuwar banza." Ashe ita ma ciwo take ɓoye mini. Lokacin girbi Tabawa ta rasu.

Yanzu in ka zo wurin dariya sai in waiwaya, babu kowa.

Jama'a, in yafe mata ne, ko in ajiye tsiyar sai mun haɗu?