Minti Takwas

A tashar bas ta ƙauyenmu da ke gindin dutse, wata tsohuwa ta tare wani baƙo mai jakar na'urori.

"Kai ne mai auna tafkin da narkakkiyar ƙanƙara ta tara a samanmu?"

"Ni ne, Iya."

"Laifina ne. Tun ina yarinya muke roƙon Allah ƙanƙarar nan da ke gangarowa daga dutse ta ja baya, kada ta cinye mana filin kiwo."

"Haba Iya, duniya ce ta ɗumama. Ba ruwan addu'arki."

"Au, wato ba a karɓa ba ke nan? Ji min rashin kunya!"

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"In tafkin ya ɓalle, minti nawa jiniyarku ta gargaɗi za ta ba ni?"

"Takwas, ki kai tudun coci."

"Na gwada jiya. Gwiwoyina sun ce sha biyu."

"Wane gida kike?"

"Na iyalan Zurbriggen, mai koriyar taga."

"A bayanku na kama haya shekaranjiya. Ke dai ki fito ƙofa, sauran goyo ne."

Ta ƙare masa kallo sama da ƙasa.

"To ka ƙara cin cuku, ɗan nan. Ina da nauyi."