Siminti a Bangon Madam

BABA: Salamu alaikum. Wa ke magana?

ZAILANI: Wa alaikumus salam. Baba, ni ne, Zailani. Barka da Juma'a.

BABA: A'a, mutanen Dubai! Barkanmu dai. Ya aiki? Ya Muhsinat, ya nauyin jikin nata?

ZAILANI: Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya su Inna? Ya ƙafar taka?

BABA: Ƙafa sai godiya. Ɗaga murya, ana buge-buge a nan. Yau ba saƙon murya, kati ka saka? Lafiya dai ko?

ZAILANI: Lafiya... wato Baba, tambaya ce a kan sana'arka. In siminti ya kwana biyar a jikin tsohon bango, yana ɓamɓaruwa?

BABA: Ikon Allah! Shekara arba'in ina gini da ƙasa, ba ka taɓa tambayata ko tubali ɗaya ba. Wane bangon?

ZAILANI: Na gidan da nake gadi, a tsohuwar unguwar nan ta bakin ruwa, Al Fahidi. Wanda Madam, mai gidan, ta mai da masaukin baƙi.

BABA: Mai dogon bututun iskar nan da ka turo hoto?

ZAILANI: Shi. Madam ta yi tafiya mako biyu, ta bar min makullai. To akwai bango a tsakar gida, yaɓensa ya zube, duwatsu duk a waje. Turawa su zo su yi ta ɗaukar hoton wurin. Wallahi kunya ta ishe ni, Baba. Na ce ina cikin gida, ɗan magini guda, a riƙa ɗaukar tsiraicinsa?

BABA: Sai ka yi me?

ZAILANI: Sai na sayo buhu biyu a Al Qusais, na shafe shi tas. Na bi da farin fenti.

BABA: Wa ya saka ka?

ZAILANI: Ba kowa. Ai kai ka koya mana, mai gida ba ya dawowa ya tarar da bango a tsage.

BABA: Kar ka rataya min! Da me aka gina shi?

ZAILANI: Dutsen cikin teku ne, mai huji-huji kamar soso, da farar ƙasa. Ya haura shekara ɗari.

BABA: Inna lillahi. Ka sa wa tsoho rigar leda a cikin zafi.

ZAILANI: Baba, abin ya wuce nan. Ba'indiyen da ke sayar da shayi a maƙwabta ya leƙo, ya ɗora hannu a ka. Ashe gidan yana da lamba a wurin hukuma. Ko ƙusa ba a bugawa sai da takarda. Duwatsun ma da gangan aka bar su a buɗe, su ake zuwa gani. Kuma jibi Lahadi masu duba tsofaffin gidaje za su zo zagaye.

BABA: Me? Ban ji ba... Badaru! Ku sassauta mana, ana waya!

ZAILANI: Na ce jibi za su zo! Bizata a hannun Madam take, ta Muhsinat kuma a kan tawa. In ta sallame ni, khalas, shi ke nan, wata guda za a ba mu mu bar ƙasar, ga mace da cikin wata takwas. Jirgi ma ba zai ɗauke ta ba. Tun jiya ban iya cin abinci ba.

BABA: To saurara. Bangon ya fara gumi daga ƙasa?

ZAILANI: Ya aka yi ka sani? Fentin har ya fara kumbura.

BABA: Gidan bakin ruwa ne, yana shan laima yana fitarwa. Ka toshe masa hanci. Yanzu abu ɗaya: kar ka kuskura ka sa masa kurfi da guduma. Siminti ya fi dutsen nan ƙarfi, in ya tashi da naman bangon zai taso.

ZAILANI: Wato... Baba...

BABA: Zailani? Layin ne ko kai ne?

ZAILANI: Na riga na gwada da safe. Wani gefe ya ɓallo. Kamar girman faranti.

BABA: Kai, wannan yaro! Ina gutsuren?

ZAILANI: Na zuba a buhu zan kai bola.

BABA: Bola! Mayar da shi ɗaki, ko ɓarɓashi kar ka zubar. Mai gyara zai nema. Ka jiƙa tsumma ka lulluɓe inda ya buɗe, ka cire hannunka. Sannan ka kira matar nan yau, da bakinka, kafin ta ji a bakin mai shayi.

ZAILANI: Baba, korata za ta yi.

BABA: Wataƙila. Amma wanda ya ce na yi kuskure daban, wanda aka kama da buhu a hanyar bola daban. Ka ce mata ubanka magini ne, ya ce a bi shi da hannu kaɗan-kaɗan, bangon zai rayu. Mutanen da suka sa doka a kan ƙusa sun san darajar mai gaskiya.

ZAILANI: To. Zan kira ta. Wallahi Baba, da ka ga yadda suke lallaɓa gidajen nan, kamar jariri. Ko kusa ba su kai zauren Kaka kyau ba, mai rufin bakan gizo... Wai buge-bugen me ake yi ne tun ɗazu?

BABA: Aikinka ne. Ba kai ka matsa a rushe zauren a yi shaguna na bulo ba? Ka ce kunya kake ji abokanka su ga ginin ƙasa. Su Badaru sun zo tun hantsi.

ZAILANI: Yau? Baba, yau ne? Don Allah ka ce su... ina suka kai?

BABA: Katangar gabas ta tafi. Bakan dai yana tsaye, shi za su...

ZAILANI: Ka tsayar da su! Baba, katin zai ƙare, ka ce su tsa...

BABA: Hello? Zailani? Hello?... Badaru! Kai Badaru! Ajiye digar nan. Na ce ajiye!