Cokali Biyu Kafin Motar Kamfani Ta Zo

'Yan'uwana cikin Almasihu, ina gaishe ku duka da sunan Yesu mai ceto. Sunana Rifkatu, amma tsofaffin cikinku sun fi sanina da Maman Ladi. Shekara da shekaru ina zaune a bencin can na baya, ina jin shaidar wasu ina tafi. Yau zan ba da tawa. In murya ta ƙi fita, ku yi haƙuri ku jira ni.

Mun zo Talatar Mafara ne a shekarun da ake gina dam na Bakolori. Mijina Ishaya ya riga ni zuwa, ya samu aiki a wurin injin fasa dutse, sannan ya aika na taho daga ƙasarmu ta Zuru da Ladi a goye. Muka kama ɗaki a gidan haya. Maƙwabciyarmu wata dattijuwa ce musulma, Inna Hajo, wadda aikin dam ya tashe su daga ƙauyensu a ƙasar Maradun, ta dawo wurin ɗanta da zama.

Ishaya mutum ne marar hayaniya. Yakan dawo daga aiki fari fat da garin dutse, har Ladi ta ƙi zuwa wurinsa sai ya yi wanka. Shi ne mai babbar murya a ƙungiyar mawaƙa ta ikkilisiyar nan, tun muna sujada a ƙarƙashin rumfar kwano.

Ni kuwa baki gare ni, ga ji da kai. Kafin aure na yi shekara biyu ina shara a wani ƙaramin ɗakin shan magani na mishan a garinmu. Shara fa! Amma a ganina na gama zama likita. In na girgiza kwalba na dubi launinta, to bincike ya ƙare.

Bayan wata damina Ishaya ya fara tari, irin mai fitowa daga can cikin ƙirji, da majina mai kauri. Muka ce garin dutse ne.

Ga abin da ya tsorata ni. Kullum da safe ma'aikata sukan yi layi kafin su hau motar kamfani. In shugaban aiki ya ji mutum yana tari mai nauyi, sai ya rubuta masa takarda zuwa asibitin ma'aikata. Mu matan ma'aikata kuma muka riƙa faɗa wa juna a bakin famfo cewa duk wanda aka ɗauki hoton ƙirjinsa, korarsa za a yi. Ban taɓa ganin wanda aka yi wa haka ba. Ji kawai na yi, na riƙe shi gam.

Ranar kasuwa na shiga wani kemis na ce a ba ni maganin tari. Mai kemis ɗin, Allah ya sani, bai cuce ni ba. Ya ajiye kwalba biyu a gabana ya ce, "Tarin mai gidanki da majina ko busasshe na?"

Na ce da majina.

Ya ce, "To wagga za ki ɗauka. Tana sassauta majina ta hito, amma zai yi ta tari kwana biyu. Waccan ko kwantar da tari takai, ta busasshen tari ta. Kuma in ya wuce sati biyu bai daina ba, ku tahi asibiti, ba aikin kwalba ba na."

Na ce, "Malam, ni ba fitowa nake so ya yi ba. Shiru nake so ya yi. Ba ni waccan."

Ya dube ni, ya sake maimaita zancen asibiti. Na ce na ji, alhali ban ji komai ba.

Daga ranar, kullum da safe kafin mota ta zo, sai in auna masa cokali biyu da hannuna. Kuma ya yi aiki! Ishaya yakan tsaya a layi tsit, ya hau mota, ba wanda ya rubuta masa takarda. Har alfahari nake yi a bakin famfo, ina koya wa wasu mata dabarar. Ya Ubangiji, ka gafarta mini wannan ma.

Da yamma tarin yakan dawo ya fi na jiya. Kwalba ta ƙare, na sayo wata a wani kemis daban, don kada na farkon ya yi mini tambaya. Sati biyu ya zama wata huɗu. Ishaya ya ƙara huda bel ɗinsa sau biyu. Tuwon da yakan cinye ya nemi ƙari, ya koma yana barin rabi. Ya daina tsayawa da mawaƙa, wai maƙogwaro ne.

Wata Lahadi bayan sujada muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya ce, "Maman Ladi, gobe ki raka ni asibitin nan. Ƙirjina ba daidai yake ba."

Kun san me na ce masa? Na ce, "Baban Ladi, so kake a kore ka mu koma Zuru da ƙullin tsumma a ka, mutanen gari su yi mana dariya? Ai maganin yana aiki. Ka ƙara haƙuri wata ɗaya."

Ya dubi ƙasa, ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin ba ta bar kunnena ba har yau.

Inna Hajo ma ta yi mini magana. Ta same ni ina wanki, ta ga hankicinsa da ɗigon jini a jiki. Ta ce, "Ɗiyata, wanga tari na san shi. Shi yak kashe ƙanena can ƙauye. Ki kai mai gidanki ga likita tun da sauran ƙarhi gare shi."

Na ce, "Inna, mu mun san magani, ki bar mu." Haka na faɗa wa tsohuwar da ta haifi kamata. Ta juya ta koma ɗakinta.

Ba a cika watan da na roƙa ba. Wata rana da hantsi abokan aikinsa biyu suka zo suka ce Ishaya ya faɗi a bakin inji yana aman jini, an wuce da shi babban asibiti a Gusau. Na bar Ladi wurin Inna Hajo na bi su.

Likita ya ce tarin fuka ne, ya riga ya cinye huhun. Ya ce ciwo ne mai magani, da an zo da wuri. A ɗakin nan na ga wani abokin aikinsa da aka kawo da irin ciwon a watannin baya, ya warware yana shirin komawa bakin aiki. Ba wanda ya kore shi.

Likitan ya juyo da faɗa ya ce, "Wa ya hana shi zuwa duk watannin nan?"

Na buɗe baki, amma Ishaya ya riga ni. Da 'yar muryar da ta rage masa ya ce, "Ni ne na ƙi zuwa, likita. Matata ta yi ta fama da ni."

Wayyo Allah! Mutumin da na hana zuwa asibiti, shi ne yake rufa mini asiri a kan gadon mutuwa. Kwana tara ya yi. Muka kawo shi muka binne shi a nan Mafara.

Kafin mu baro asibiti an gaya mini in kawo kaina da yarinya a auna mu. Ban je ba. Kunya ta hana ni, da tsoron a ware mana kwano da kofi, a riƙa nuna mu. Duk wanda ya zo gaisuwa sai in ce garin dutse ne ya kashe shi. Na daina addu'a, don ban ga da wace fuska zan tsaya gaban Allah ba.

Bayan wata biyu na fara tari. Ban damu ba, na ce hakkinsa ne, ya kashe ni in huta. Sai Ladi ta fara. Shekararta uku.

Wata safiya ta yi tari har ta durƙusa. Na miƙa hannu bayan akwati, na ɗauko sauran kwalbar babanta, na tsiyaya a cokali. Ladi ta zo ta tsaya a gabana ta buɗe baki, yadda ta saba ganin babanta yana yi. Ko gardama ba ta yi ba. Ta yarda da ni.

Na saki cokalin, maganin ya zube a zanena. Na faɗi a kan gwiwoyina na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a bakin kabari. Na ce, "Yesu, ni na kashe shi. Ka sani, na sani. Ban isa in roƙe ka komai ba. Amma yarinyar nan ba ta yi maka laifi ba. Ka karɓe ta daga hannuna kafin in kashe ta ita ma!"

Ban ga haske ba, ban ji murya daga sama ba. Sallama na ji a bakin ƙofa. Inna Hajo ce, ta riga ta yafa mayafinta. Ta ji kukan ta katanga. Ta dubi cokalin a ƙasa, ta dube ni, ba ta tuna mini da maganar da na gaya mata ba. Ta ce, "Tashi, ɗiyata. Miƙo min ita in goya. Yau ba mu kwana gida likita bai gan ku ba."

Allah ya aiko mini da wadda na raina. Halleluya!

Aka auna mu, mu biyun duka muna da shi. Aka sa mu a kan allura da ƙwayoyi, watanni masu yawa, har wurin allurar ya ƙi zaunuwa. An ware mana kofi kamar yadda na ji tsoro, don haka ma'aikatan asibiti suka ce a yi, amma ba wanda ya guje mu. Matan zumunta suka riƙa kawo abinci bi da bi. Inna Hajo takan dama kunu ta zauna daga bakin ƙofa tana yi wa Ladi wasa har ta shanye. Ranar da likita ya ɗaga hoton ƙirjin Ladi ya ce ta warke, sai na zauna a ƙasa ina kiran sunan Yesu.

Ladi tana nan da ranta, da 'ya'yanta huɗu. Sai makon jiya na zaunar da ita na gaya mata gaskiyar abin da ya faru da babanta. Ta yi kuka, na yi kuka. Daga baya ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, ki je ki faɗa a gaban jama'a, ko wata za ta ji." Shi ya sa nake tsaye a nan.

Na gode wa Allah da ya gafarta mini abin da ni kaina na kasa yafe wa kaina. Na gode masa da ya bar mini ɗaya, alhali hannuna ya isa ya hallaka biyu. Ishaya bai dawo ba, kuma ba zan ce muku zafin ya tafi ba. Amma Yesu ya ɗaga ni daga ƙasan wancan ɗakin haya, kuma bai sake ni ba.

'Yan'uwa, maganin kemis ba laifi ba ne, amma ku saurari abin da mai shi ya gaya muku. Tarin da ya daɗe a kai shi asibiti. Kada tsoron kora ko tsoron bakin mutane ya fi muku Allah girma. Ku dogara gare shi, shi ne mai ciyar da mu da aiki ko ba aiki.

Yanzu in jikana ya yi tari a gidana, ba na ce masa ya yi shiru. Nakan ajiye abin da ke hannuna in ce, "Zo nan, yi da ƙarfi in ji." Ina sauraron na kowa, har na 'ya'yan maƙwabta. Na mutum ɗaya ne kawai ban saurara ba.

Yabo ya tabbata ga Ubangiji. Amin.