Mutumin da Ya Ƙi Yi wa Gasaya Ƙarya

Shugaban cibiya, malamanmu, uwargidan marigayi da 'ya'yansa, abokan aiki, jama'a, assalamu alaikum.

Ni ne maƙwabcinsa a ɗakin bincike, teburina na jikin nasa. Na ce teburina, amma fa rabinsa nasa ne, don kullum na shigo sai in tarar ya shanya ganyen gasaya a kan takarduna. In na yi ƙorafi ya ce, “Haba ƙanena, rana tana cinye amfaninsa, inuwar teburinka ce ta fi kyau.”

Ya kasance mai haƙuri da ganyen da mutane suka raina, wanda ake tattakawa a bayan gida. A gwaje-gwajensa ya ga gasaya na ɗauke da sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, kamar yadda mai ke hana ƙarfe tsatsa. Ya ga ruwanta ya rage kumburi a ƙafar ɓera. Ranar har rawa ya taka, da farar rigarsa da komai.

Ya kasance mai tsoron ƙarya. Wani ɗan jarida ya taɓa tambayarsa, “Dakta, ke nan an samu maganin ciwon gaɓoɓi?” Ya ce, “Na ɓera dai. Kai ɓera ne?” Shi ya sa muke kiransa Sai-an-gwada, kuma yana amsawa.

Yanzu, Yaya uwargida, gare ki zan juyo. Ki gafarce ni, 'ya'yanki ne suka roƙe ni, ni kuma na rasa inda zan faɗa ki ji sai nan. Sun ce tun da ya rasu kin ajiye magungunan asibiti, ruwan gasaya kawai kike sha, wai ba ki yarda da kowa ba sai aikin maigidanki. Mun ga yadda aka riƙo ki kika shigo ɗakin nan, gwiwoyi sun kumbura. Wallahi hankalinmu ya tashi.

Mun san ƙauna ce. Amma mutumin nan da yake kawo miki ganyen, shi ne kuma yake barin aiki ya bi layi a asibiti ya karɓo miki ƙwayoyin. Ya sha ce mini, “Ganye abinci ne, a ci a ƙara. Amma ba zan yi gwaji da matata ba.” Bai yi yana raye ba, Yaya. Kada ki sa ya yi bayan ransa.

Ragowar binciken mun ɗauka, mu ɗalibansa da abokansa, kuma muna so ki ga ƙarshensa da idonki. Gobe da safe babbar 'yarki za ta zo da mota, likita na jiranku.

Na gode muku da kuka saurare ni. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Ke kuma Allah Ya ba ki lafiya, Ya bar mana ke. Amin.