Minti Shida na Gaisuwa a Kan Jar Mota

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Shugaban wannan zama kuma shugaban ƙungiyarmu ta masu wankin mota da masu gyaran fenti na garin Garwa, Malam Philippe, magatakardar ƙungiya, Madam Denise, dattawan sana'a da suka riƙe bokiti da soso tun ba a haife ni ba, iyayena mata da ke zaune ta hagu, baƙinmu da suka taso daga Marwa da Poli, 'yan'uwana matasa, jama'a baki ɗaya, Musulmi da Kirista, ina yi muku sallama. Assalamu alaikum. Masu jin Fulatanci kuma, jam na?

Sunana Taufiƙ, ɗan ƙanin Alhaji Mahamman mai shagon yadi. Wata takwas ke nan da na karɓi takardar kammala karatun kimiyyar sinadarai a Ngaoundéré, kuma ban taɓa tsayawa gaban taro mai yawan wannan ba. Ku yi mini uzuri.

Ina gode wa shugaba da ya ba ni minti goma sha biyar in yi bayani a kan shafa seramik a fentin mota, aikin da masu motoci suka fara tambayarku a kansa. Na duba jerin abubuwan da za a tattauna yau. Jawabina shi ne na uku. Na huɗu shi ne ƙarar da aka kawo a kan Baba François, wanda ke zaune can baya kusa da taga, cewa ya lalata fentin motar yayana Dawuda, da kuma shawarar a karɓe katinsa na ƙungiya. Ina roƙo ku saurari na uku da kyau, domin na huɗu yana cikinsa.

Abu na farko shi ne sanin mene ne seramik ɗin. Ruwa ne a 'yar kwalba, bai wuce cokali uku ba. Asalinsa sinadarin da ke cikin yashi da gilashi ne. Idan aka shafa shi a kan fenti ya sha iska, sai ya daskare ya zama fata mai tauri, siririya ƙwarai, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashin kai ba. Yana sa ruwa ya gangare, yana sa datti ya ƙi kamawa, yana rage cin da rana ke yi wa launi. Ba ya hana tsakuwa fasa fenti, ba ya hana mabuɗi karce shi. Duk wanda ya ce muku yana hanawa, bai gwada ba.

Abu na biyu shi ne shiri, kuma shi ne ya fi cin lokaci. A wanke mota sau biyu. A bi jikinta da dunƙulen yumɓun roba, ana fesa ruwan sabulu, har tafin hannu ya daina jin ƙaiƙayi a fentin. A goge ƙananan karce da injin gogewa. Sannan a share jikin duka da alkol, ruwan nan da ake goge fata da shi kafin allura, domin kada maiƙo ya saura. Dalili shi ne seramik ba ya ɓoye aibi. Abin da ya tarar a kan fenti, shi yake rufewa ya adana, mai kyau ko marar kyau.

Abu na uku shi ne lokaci, kuma a nan garinmu ya bambanta da ƙasar da aka yi kwalbar. Ana ɗiga ruwan a ƙyalle mai laushi da aka naɗe a kan soso, a shafa a wuri kaɗan, kamar faɗin faranti babba, a tsaye sannan a kwance. Sai a jira har wurin ya nuna launuka kamar na mai a kan ruwa, a goge da tsumma mai laushi, a sake bi da wani busasshe. Takardar kwalbar ta ce a jira minti ɗaya zuwa uku. Amma wanda ya rubuta ta yana magana ne a kan zafi mai digiri ashirin. Mu a Garwa, a watan Afrilu, yaushe muka ga digiri ashirin da rana? Na auna a rumfar gidanmu da ƙarfe tara na safe: iska talatin da huɗu, ƙarfen motar talatin da takwas. Na gwada a ƙasan ƙofar fasinja, na samu sakan arba'in. Sakan arba'in, jama'a. Idan aka wuce haka da yawa, ruwan ya kama, ya bar tabo mai duhu, wanda bayan kwana ɗaya babu abin da ke cire shi sai inji.

Abu na huɗu babu shi a takardar kwalba, babu shi a littattafan da na karanta. Shi ne ƙofar gida. Kafin in yi bayaninsa sai na ba ku labari, kuma labarin nawa ne.

Yaya Dawuda ya shigo da motar ta Duwala a farkon shekara. Kun san ta: ja, ƙofa biyu, gajera har cikinta yana taɓa ƙasa a hanyar unguwarmu. Ni na roƙe shi ya bar ni in shafa mata seramik a gida. Ina so in nuna wa gidanmu cewa shekarun da na yi a makaranta sun haifar da abin da ido zai gani.

Ranar Asabar, makonni biyar da suka wuce, Baba François ya wanke ta da sassafe, kamar yadda yake wanke motocin gidanmu shekara ashirin da shida. Shi ne yake ɗaukata a kan kekensa ya kai ni makarantar firamare idan mota ta ƙi tashi. Da ya ga na jera tsummoki da kwalba da ma'aunin zafi, sai ya tsaya yana kallo, ya ce:

"Taufiƙ, wannan aikin naka, idan an fara ana iya tsayawa?"

Na ce, "Ba a tsayawa, Baba."

Ya ce, "To bari in zauna maka a ƙofa. Yau Asabar. Gidan Alhaji ba ya rasa baƙo."

Ga amsar da na ba shi, kuma ina jin nauyin maimaita ta. Na ce, "Baba, wannan aikin kimiyya ne, ba wankin mota ba ne. Je ka huta." Ya ce, "To, malam," ya ɗauki bokitinsa ya koma gindin mangwaro.

Na gama ƙofofi, na gama rufin sama, na gama baya, kowane wuri sakan arba'in, ina duba agogon wayata. Da ƙarfe goma da minti hamsin da biyu na shafa rabin kapo, wato murfin inji, ɓangaren direba. Na danna agogo. A daidai nan aka turo ƙofa, sai ga kakata Inna Ramatu, ta sauko daga motar Marwa, tun daga unguwar Dougoï, da sandarta da ƙullin kayanta. Ba ta gan ni ba tun da na gama karatu. Saboda ni ta yi tafiyar.

Ta ce, "Ina mijin nawa? Au, an je an yi karatu mai tsawo, an dawo an ƙare a goge mota? Ai da na sani da ban jira ka ba, da na auri direban da ya kawo ni."

Jama'a, ku faɗa mini, wane ɗa ne a cikinku zai ce wa tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya, "Dakata, ina da sauran sakan talatin"? Na ajiye tsumma, na durƙusa. Ta kama hannuwana biyu. Ta tambayi lafiyata, ta tambayi gajiyar karatu, ta tambayi malamaina, ta tambayi zafi, ta ba ni gaisuwar mutanen Dougoï gida-gida, da Hausa da Fulatanci. Sannan ta ɗaga hannu ta yi mini addu'a, ni kuma ina amsa amin, idona yana kan kapo. Da ta sake ni na duba agogo. Minti shida da sakan goma sha huɗu.

Na goge. Tsumma yana kamawa. A inuwar rumfa tabon bai fito sosai ba. Akwai gyara a lokacin: da na ƙara ɗiga ruwan a wurin nan take, da ya narkar da na farko na goge su tare. Na san haka, na karanta. Amma mutanen gida sun fito tarbar Inna, suna yaba ƙyallin motar, ni kuma ban so a ga ina gyara kuskure. Na ce wa kaina zai baje. Washegari na haska wurin da fitilar waya, na ga bai baje ba. Ban faɗa wa kowa ba.

Seramik yana buƙatar kwana bakwai kafin a wanke shi da sabulu. A rana ta takwas Baba François ya yi mata wankin farko, aka fito da ita rana a ƙofar gida. Tabon ya fito fili, baƙi-baƙi, da layukan soso a jikinsa, faɗin sallaya ƙarama. Yaya Dawuda ya ɗaga murya a gaban maƙwabta da masu shaguna. Ya ce, "Tsoho, da me ka wanke ta? Garin sabulun wanki ka zuba mata?" Baba ya ce, "Da abin da na saba, Dawuda." Sai ya juyo ya dube ni. Kallo ɗaya ya yi mini. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina duba tayar motar.

A ranar aka sallame shi daga gidanmu. Cikin mako guda gidaje uku na layinmu suka daina ba shi motocinsu. Sannan aka rubuto wa ƙungiya. Kwana goma sha tara na yi shiru.

Ba na so ku karɓi maganata don na rantse. Ku karɓe ta don kun gani. Wannan jar ƙofar mota da na jingina da tebur, a wurin masu tsofaffin ƙarafa na samo ta. Na raba ta gida huɗu da farin tef, na shafa sauran ruwan kwalbar a rumfar nan ta gidanmu, a irin lokacin, a irin zafin. Gida na farko na goge a sakan arba'in: fes yake. Na biyu a minti biyu: ya yi dishi-dishi. Na uku a minti shida da sakan goma sha huɗu: ku zo ku duba, shi ne tabon da ke kan kapon Yaya Dawuda, har da layukan. Na huɗu na goge shi a kan lokaci, na bar shi kwana bakwai, sannan na wanke shi sau goma da sabulun Baba François da sosonsa, waɗanda ya bari a gidanmu ranar da aka kore shi. Babu tabo ko ɗaya. Malam Philippe, kai mai fenti ne, idonka ya fi nawa. Ina roƙo ka duba da kanka kafin a shiga batu na huɗu.

Na nuna wa Yaya Dawuda wannan ƙofar. Ga shi nan a layi na biyu, kuma takardar janye ƙararsa tana hannun Madam Denise tun jiya. Ba na ɗora masa laifi, domin ya yi hukunci da abin da ya gani, ni kuma na ɓoye masa abin da bai gani ba. Ba na ɗora wa Inna Ramatu laifi, domin ta yi abin da kaka ke yi, kuma ba zan musanya addu'arta da kapo goma ba. Gaisuwa ba ta ɓata fenti ba. Wanda ya ɓata shi shi ne wanda aka ce masa a zauna masa a ƙofa ya ƙi.

Na je gidan Baba François ranar Laraba. Na same shi yana ɗaure wa jikarsa takalmi. Na faɗa masa komai. Ya ce, "Ai na sani. Ina gindin mangwaro, na ga hannunka a hannun tsohuwa, na ga idonka a kan mota."

Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?"

Ya ce, "In ce me? In ce tsohuwa ce ta jawo? Ko in ce yaron da na goya a keke ya yi ƙarya, a gaban masu shaguna? Na ce bari in jira, bakinsa zai buɗe." Sannan ya ce, "Amma ka daɗe, Taufiƙ."

Na roƙe shi gafara. Na kuma roƙe shi abu na biyu. Ranar Asabar mai zuwa zan sa inji in cire seramik ɗin kapo in sake shafawa, kuma fatar saman fenti ba ta da kaurin da za a yi ta gogewa, don haka ba ni da damar sake kuskure. Na ce ya zo ya zauna mini a ƙofa, duk wanda ya shigo ya karɓi gaisuwarsa a madadina har in ɗaga kai. Ya ce, "A ƙofar gida aka faɗi sunana, mutane suna ji. Ka faɗi naka inda mutane ke ji, sannan in ba ka amsa."

To ga shi na faɗa. Wannan shi ne abu na huɗu, ga duk wanda zai yi wannan aiki a gida irin namu: kada ka buɗe kwalba sai ka sa mutum a ƙofa, mutumin da baƙo zai ji an girmama shi idan shi ya tarbe shi. Ina roƙon wannan zama ya soke batu na huɗu, ya bar wa Baba katinsa. Ina roƙon masu gidaje ukun nan, na ga biyu daga cikinsu a nan, su mayar masa da motocinsu. Idan kuma akwai sunan da ya kamata a rubuta a littafin ƙungiya a kan wannan tabo, Madam Denise, nawa ne, Taufiƙ, da ƙa mai ƙugiya a ƙarshe.

Baba François, ni na ɓata motar, ni na bari aka ɓata sunanka. Ka yafe mini. Asabar, ƙarfe bakwai na safe, kafin ƙarfe ya ɗauki zafi.

Jama'a, ga shi ya ɗaga hularsa, ya amince. Na gani, Baba. Zan fito maka da kujera mai baya.

Allah Ya albarkaci wannan taro, Ya albarkaci hannuwan da ke cikin ruwa da sabulu tun safe har yamma. Allah Ya ƙara wa dattawanmu lafiya, Ya ba mu kunnen jin maganarsu tun ba mu yi ɓarna ba. Allah Ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya a ranar farko, ba a rana ta ashirin ba. Allah Ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da baƙinmu gidajensu cikin aminci.

Useko. Na gode.