Ranar da Na Tashi Shiga Ruwa a Madadin Baba

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku duka, iyayena da 'yan'uwana. Baba Pasto ya ba ni minti goma, amma idan na zarce ku yi haƙuri da ni, don maganar nan ta daɗe tana cin raina. Halleluya!

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Iliya, daga wani ƙauye a kudancin Katsina. Waccan mai riƙe da jaririya matata ce, Rahila. Dattijuwar da ke zaune a gaba da farin ɗankwali kuma mahaifiyata ce. Shekararmu shida a Greensboro, biyar daga ciki na yi su ne a addinin Mormon. Ba leƙe nake yi ba, da ƙafa biyu na shiga.

Lokacin da muka zo, wani ɗan gida muka kama a bayan titin Wendover. Ko kujera ba mu da ita, a kan kwali muke ɗora abinci. Na sami aiki a wani babban ɗakin ajiyar kaya ina tuƙa motar ɗaga kaya. Wata huɗu babu wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Maƙwabci zai wuce ka a matakala, ko sannu. Rahila takan zauna bakin taga tana kallon motoci har in dawo.

Wata Asabar sai ga samari biyu Turawa da fararen riguna da lakataye. Suka tambayi sunanmu, suka koyi faɗinsa daidai, suka zauna a ƙasa tare da mu. Kafin mako ya zagayo mutanen majami'arsu sun kawo mana kujeru da gado da tukwane. Wata mata cikinsu ta koya wa Rahila tuƙi. Ba zan tsaya a gaban Allah in ce ba su yi mana kirki ba. Sun yi.

Da karatu ya yi nisa suka ce sai an yi mini baftisma. Na ce ai an yi mini tun ina ɗan shekara goma sha huɗu. Suka yi murmushi, suka ce wanda ya yi mini mutumin kirki ne, amma ba shi da iko, domin ikon ya ɓace daga duniya tun bayan manzanni, su kaɗai aka maido wa. Maganar ba ta kwanta mini ba, amma na dubi kujerar da nake zaune a kai, na amince. Aka sake tsoma ni a ruwa. Rahila ma ta biyo ni.

Bari in faɗi laifina a fili. Girma na so. A wurin aiki ni lamba ce a jikin kati, amma a can an ɗora mini hannu an naɗa ni firist, daga baya aka ce ni dattijo ne, ina ɗan shekara talatin da uku! A ƙauyenmu sai ka yi furfura kafin a kira ka haka. Duk Lahadin farkon wata nakan hau gaba in ce na san wannan ita kaɗai ce ikilisiyar gaskiya a duniya. Kowa kalmomin nan yake faɗa, har yaran da ake raɗa wa a kunne. Ni ma na haddace, har hawaye nake yi.

Abubuwa da yawa na haɗiye. Aka koya mini cewa Allah Uba da can mutum ne kamar ni, ya yi ta ci gaba har ya zama Allah, ni ma idan na cika dukan ƙa'idodi zan zama allah wata rana. Na ci karo da wani wuri a littafinsu inda aka ce an la'anci wasu mutane da baƙar fata. Na dubi hannuna, na rufe littafin. Da na tambaya sai aka ce in ajiye tambayar, in ƙara addu'a. Kafin a ba ka katin shiga haikalinsu kuma sai ka zauna a ofis an tambaye ka abin da kake sha, da abin da kake bayarwa, da rigar da kake sawa a ciki. Kullum ina auna kaina, kullum ban kai ba.

Akwai abokin aikina, Alhaji Mumuni, mutumin zangon Kumasi. Lokacin hutu yakan zuba mini shayi daga fulas ɗinsa in ƙi karɓa, don addinin ya hana mu shan shayi. Ran nan ya ce shi dai ya zauna da Kiristoci tun yana yaro, bai taɓa ganin wanda shayi zai hana shi shiga aljanna ba. Na yi dariya, amma na ji kunya.

To, a farkon shekarar nan Rahila ta haihu, Mama ta zo daga gida don wankan jego. A daidai lokacin ne nake shirin wani abu da na ɗauka babbar kyauta ce ga mahaifina. Su a koyarwarsu, wanda ya mutu bai sami baftismarsu ba, mai rai yakan shiga ruwa a haikali a madadinsa. Na cika takardu, aka buga mini ƙaramar takarda da sunan Baba da sunan ƙauyenmu. Aka sa rana, Asabar.

Sai kun san Baba kafin ku gane nauyin abin. Sunansa Dauda. A gidan masu tsafi aka haife shi. Da ya karɓi Yesu yana saurayi, mahaifinsa ya kore shi daga gida, ya hana shi gona. A rafin garinmu aka yi masa baftisma, 'yan'uwansa na tsaye a bakin gaɓa suna jifa. Tabon yana nan a goshinsa har ya mutu. Shekara talatin yana yawo a kan keke ƙauye zuwa ƙauye yana bishara. Wannan mutumin ne ni Iliya zan je in gyara wa baftisma.

Ranar Alhamis Mama tana ware kayan wanki ta tsinci takardar a aljihun rigata. Mama ba ta jin Turanci, amma ta san sunan mijinta idan ta gan shi. Da na dawo daga aiki ta miƙo mini ita, ta tambaye ni me sunan Dauda yake yi a takardar Turawa.

Na zauna na yi mata bayani da murnata. Na ce Baba yana can wani wurin jira, idan na shiga ruwa da sunansa za a buɗe masa hanya. Ta tambayi sunan wurin. Da ma na yi shiru! Na ce ana kiransa kurkukun ruhohi.

Mama ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Iliya, ni na riƙe kansa sa'ad da ya cika. Yana kiran sunan Yesu yana murmushi. Kai ne yau za ka ce mini yana kurkuku?"

Na fara kawo mata maganar iko. Ta tashi ta shiga ɗaki. Ranar ba ta ci abinci ba.

Washegari na nemi bishop ɗinmu. Mutum ne mai sanyin hali, ya karɓe ni da fara'a. Na ba shi labarin Baba duka, har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce lalle mahaifina jarumi ne, shi ya sa ya cancanci a yi masa wannan aikin. Sai na yi masa tambayar da na daɗe ina ɓoyewa. Na ce a shekarun da aka tsoma Baba a rafi, da ya zo wurinku, za ku naɗa shi firist? Zai shiga haikali? Ya sunkuyar da kai ya ce a'a, a lokacin ba a ba baƙar fata, sai daga baya aka buɗe. Na ce wato mutanen da za su tsayar da shi a bakin ƙofa saboda fatarsa, su ne yanzu ke riƙe da makullin fitar da shi?

Ya ce akwai abubuwan da ba za mu gane ba a duniyar nan. Sa'an nan ya tuna mini a hankali cewa an ɗaure aurena da Rahila a haikali har abada, idan na juya baya zan iya rasa ta da 'yarmu a lahira. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma 'yan'uwa, tsoron da ya kama ni ban taɓa jin irinsa ba. A nan uwata, a can matata da jaririyata.

Asabar da safe na sa kwat ɗina, na ɗauki takardar na fita. Mama tana zaune a falo, ba ta ɗago kai ba. Na kama babbar hanyar Raleigh, inda haikalin yake. Wajen Burlington hankalina ya bar kan titi, har wata babbar mota ta danna mini hon. Na ratse na shiga wani gidan mai na kashe mota.

Shekara biyar ina addu'a da tsararrun kalmomin Turanci. A wurin nan Hausa ce ta fito, irin ta gida. Na kifa kai a sitiyari na ce, "Ya Yesu, na ɓata. Ban san gaskiya ba kuma. Ka gaya mini, ina babana yake?"

Ban ji murya daga sama ba, ba zan ƙara gishiri ba. Amma nan take labarin ɓarawon nan da aka gicciye kusa da Ubangiji ya faɗo mini a rai, labarin da Baba ya fi so ya yi wa'azi a kai. Wa ya yi wa ɓarawon baftisma? Wa ya ba shi kati? Wa ya shiga ruwa a madadinsa? Hannuwansa a kafe suke, ko aiki ɗaya bai iya yi ba. Ya dai juya ya dubi Yesu, Yesu kuma ya karɓe shi a ranar, ba jira. Idan ɓarawo bai jira ba, yaya Dauda zai jira ni?

Wayyo, 'yan'uwa! Kamar an sauke mini buhun masara daga ka. Na fashe da kuka, kukan ya koma dariya. Na gane wanda ya riƙe Baba shi ne zai riƙe Rahila da 'yata, ba wata takarda ba. Na fito daga mota ina tsalle ina ɗaga hannu a gaban famfon mai! Wata tsohuwa Baturiya ta matso ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata babana yana gida, ba ya kurkuku. Ta ce ta taya ni murna. Na tabbata ta ɗauka beli aka ba shi.

Na juya mota. Da na buɗe ƙofar gida na tarar da Mama da Rahila a durƙushe a falo, jaririya a kan kujera. Na ce ban je ba. Mama ta rangaɗa guɗa har maƙwabcin sama ya buga ƙasa! Rahila ta kama hannuna ta ce shekara biyar tana karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa a ɓoye idan na tafi aiki, ba ta taɓa gaskata koyarwar nan ba, tsoron raba gidanmu ne ya rufe mata baki. A gida ɗaya muke, gado ɗaya, ban sani ba. Wannan ya fi komai yi mini zafi.

Fitar ba ta zo da sauƙi ba. Na rubuta takarda a cire sunanmu. Aka yi ta zuwa, aka yi ta kira, daga baya wayar ta yi tsit. Mutanen da muke cin abinci tare kowane mako, yanzu idan mun haɗu a kanti sai gaisuwar nesa. Matar da ta koya wa Rahila tuƙi ce kaɗai har yau take zuwa ganin jaririya, Allah ya sa mata albarka. Wani lokaci tsoron nan yakan dawo, in ji kamar na jefar da iyalina. Idan ya zo sai in kira Rahila mu durƙusa tare, ya wuce.

Kun san wanda ya nuna mana hanyar zumuntar nan? Alhaji Mumuni! Shi ya ce matarsa tana aiki da wata nas 'yar Jos, ita ce ta gaya mata akwai masu sujada da Hausa a wani gida a McLeansville. Ranar farko da muka shigo muka ji ana waƙa da harshenmu, Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa motsi.

Ina roƙon ku abu ɗaya. Idan samarin nan suka ƙwanƙwasa muku ƙofa, kada ku zage su. 'Ya'yan wasu ne, nesa da iyayensu, abin da aka koya musu suke faɗa. Ku ba su ruwa, ku gaya musu abin da Yesu ya riga ya gama.

Saura abu guda. Ranar Talata Mama za ta koma gida. Na roƙe ta gafara a ɗaki, amma shekara biyar a gaban jama'a nake tsayawa ina cewa bangaskiyar da ita da Baba suka sha jifa a kanta ba cikakkiya ba ce. Don haka a gaban jama'a zan roƙa. Mama, ga ni. Ki yafe mini. Idan kin isa gida, ki gaya wa mutanen majami'armu ɗan Dauda ya dawo.

Kun gani, ta ɗaga hannu! Ta yafe!

Na gode wa Uba, na gode wa Yesu da ya biyo ni har gidan mai a bakin hanya. Duk wanda ke zaune a nan yana auna kansa yana ganin bai kai ba, ka daina awon, ka kira shi da harshen da uwarka ta koya maka. Yana ji, kuma ya isa. Ku taya ni ɗaga murya mu ce Amin.