Malam Maude, Wanda Ya Kai Littafi Gona

Jawabin Malama Fadimatu mai makarantar allo, ranar addu'ar arba'in, a Gwagwalada.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Dagaci, Allah ya ja zamaninka. Allah gafarta Malam Liman da malaman da ke tare da shi. Ardo Hammawa, sannu da hanya, Allah ya sa albarka a garke. Fasto da dattawan majami'a, mun gode da kuka zo kuka zauna da mu. Hedimasta da malaman makaranta, iyayena mata, barkanku da zuwa. Sai ke, Yaya Zulai, uwargidan marigayi, da 'ya'yanki da dukan dangi: Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu tare da ku.

Ni ba mai magana a taro ba ce. Muryata ba ta saba wuce zauren da nake biya wa yara allo ba, saboda haka na baya su yi haƙuri su matso. An ce in tashi ne don na yi aiki kusa da Malam Maude kowane hutun damina, shekara da shekaru. Abin da na gani zan ce na gani, abin da aka faɗa mini zan ce an faɗa mini, domin ba a yi wa mamaci ƙari.

Ya kasance mai kula da ɗakin karatun garin nan tun ranar da aka buɗe shi. Ya kasance mutum mai dogon haƙuri da gajeriyar magana, mai keke ɗaya da ba ya hutawa. Ya kasance, a cikin duk waɗanda na sani, shi kaɗai ne yake baƙin ciki in ya ga littafi da tsabta. Wannan magana ta ƙarshe ita nake so in warware muku, domin da ita ɗakin karatunmu ya tsira. Yaran yanzu ba su san cewa an taɓa kusa rufe shi ba.

Bayan samun 'yancin kai kaɗan, hukuma ta kawo mana akwatunan littattafai, aka ba Malam ɗaki ɗaya kusa da kasuwa. Da hutu ya zo ya bi gida gida yana cewa a bar yara su zo su ara. Suka zo, suka ara, ya yi murna. Abin da bai sani ba shi ne abin da ke faruwa da littafin in ya shiga gida.

Mu nan, yadda aka rene mu, takarda mai rubutu ba abin wasa ba ce. Ba a ajiye ta a ƙasa, ba a tsallake ta, ba a taɓa ta da hannun tuwo. To da yaro ya shigo da littafi mai bango mai kyau, sai uwa ta karɓe, ta naɗe a tsumma mai tsabta, ta sa a gafaka ta rataye a bango kusa da Alƙur'ani. In yaro ya miƙa hannu a ce masa yana da alwala? Maƙwabtanmu Kirista ma, an faɗa mini, cikin akwatin kayan Lahadi suke sa shi, ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki. A ruga kuwa cikin ƙwarya ake rufe shi da faifai. Kowa ya girmama baƙo iyakar girmamawa. Ranar mayarwa a sauko da shi, har da ƙamshin turare, babu wanda ya buɗe.

A ƙarshen wannan hutu sufeton ɗakunan karatu ya zo daga lardi. Mutumin kirki ne, aikinsa yake yi. Ya ɗauki littafi ya buɗe, ya ɗauki wani, ya tarar wasu ma shafukansu a manne suke yadda suka fito daga maɗaba'a. Ya ce wa Malam babu mai karatu a garin nan, kuma akwai garuruwan da ke kukan littafi ba su samu ba. Ya ba shi wa'adi zuwa ƙarshen hutun damina mai zuwa. In ya dawo ya tarar da su haka, zai sa a loda su a mota, a mai da ɗakin wurin ajiye buhuna.

Ranar ce Malam ya yi sallama a zaurena. Na ga idonsa ya yi ja. Ya ce, "Malama, ku kuka koya wa garin nan tsoron takarda, kuma kun yi daidai. Yanzu ki taimake ni mu koya musu wace takarda ake tsoro, wace ake ci kamar tuwo."

Ban amsa masa nan take ba, don abin ya shafi addini. Muka je wurin Malam Liman, ga shi nan zaune, zai gyara mini in na kauce. Ya ce girman da ake ba Alƙur'ani na Alƙur'ani ne, labarin kura da littafin lissafi ba su da wannan hukunci, amma a duba, duk wanda ke ɗauke da aya a keɓe shi. Haka muka yi. Lokacin bokona bai yi ƙarfi ba, sai Malam ya riƙa zama a bakin zaure bayan la'asar yana karantawa da ƙarfi, ni ina daga ciki ina saurare. Rani guda muka kwashe. In na ji aya in ce ya tsaya, a ɗaura wa littafin koren zare, wannan na gida ne, na mai alwala. Sauran duka, kuma su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, aka ɗaura musu jan zare. Fasto na lokacin ya yi nasa duban. Ranar Juma'a Liman ya faɗa a masallaci, ranar Lahadi aka faɗa a majami'a: littafi mai jan zare abokin aiki ne, a bar yaro ya tafi da shi duk inda za shi.

Sai ga wata matsala. Hutun damina ba hutu ba ne a wurin ɗan manomi. Iyaye suka ce sun ji, sun yarda, amma wa zai kori tsuntsu daga gero, wa zai hana biri masara? Wani zai tsaya gardama da su. Malam bai yi ba. Ya hau kekensa ya zaga gonakin bakin kogin Usuma, ya ga yaran a kan rumfunan tsaro, kowa riƙe da igiyar gwangwani ta korar tsuntsu, daga safe har yamma babu abin yi sai ja da hamma. Ya dawo yana dariya, ya ce ashe an riga an gina masa ɗakunan karatu a kowace gona, har da inuwa, shi ne bai sani ba.

Ba zan ɓoye muku ba, farkon abin bai yi daɗi ba. Ruwan sama ya jiƙa littattafai da dama a makon farko, wasu suka zama kamar fura. A nan ne, Yaya Zulai, naki hannun ya shigo, kuma yau zan faɗa ko da kina sunkuyar da kai. Ke kika ce ai gafakar nan da ke bango fata ce, ruwa ba ya ratsa ta, a sauko da ita a rataya wa yaro a kafaɗa. Waɗanda ba su da ita, Ardo ya aiko da fatun awaki, kika zauna ke da matan unguwa kuna ɗinki har yatsunku suka yi kanta. Duk ladan da aka rubuta wa Malam a wannan aiki, muna kyautata zaton da sunanki a gefe.

Ya kasance ba ya ba yaro littafi don kawai shi ne a kusa da hannu. Ƙanana yana ba su masu hoto da tatsuniya. Amma samari da 'yan mata, masu ganin sun girmi tatsuniya, sai ya tsaya hira da su tukuna, ya ji abin da ke cin ransu. Bappayo ɗan Ardo, a lokacin saurayi ne mai taurin kai, ya ce shi bai ga abin da takarda za ta faɗa masa a kan saniya ba. Malam ya ce gaskiya ne, ya miƙa masa wani a kan cututtukan dabbobi, ya roƙe shi ya duba masa inda marubucin ya yi ƙarya. Bappayo ya bi shi layi layi yana neman ƙarya. An ce ya samu guda biyu, amma kafin ya same su ya gama littafin, ya dawo neman wani. Helen 'yar Baba Jacob kuwa, yarinya ce mai tambayar inda kowace mota za ta, sai ya ba ta labarin wata da ta bi kogi har teku.

Sannan ya kafa doka ɗaya, wadda har yau ban ji irinta a wani wuri ba. In ka gama littafi ba ka mai da shi kan kanta. Za ka zo ka faɗa masa wanda ya kamata ya karanta shi bayanka, da dalilinka, sa'annan ka kai masa da ƙafarka. Ta haka ɗan ruga ya san hanyar gidan Bagwari, 'yar majami'a ta yi sallama a zaurena da littafi a hannu tana neman ɗalibata. Ranar kasuwa da yamma kuma duk su taru gindin mangwaron da ke bayan ɗakin. A yi gardama a kan wane labari ya fi, a kwaikwayi na kwaikwaya, a liƙe wanda ya yage da ƙaro. Mu iyaye mata mukan fake da ɗiban ruwa mu tsaya kallo.

Da ƙarshen hutu sufeto ya dawo, kuma da mota ya zo. Ya shiga ɗaki ya tarar da kanta wayam, sai 'yan masu koren zare. Na ga fuskarsa, don ina wurin, ya zaci an sace su ne. Malam bai yi masa dogon bayani ba. Ya ari keken hedimasta ya ba shi, ya ce su je ya gani. Abin da ya biyo baya ban gani ba, Baba Jacob ne ya faɗa mini, a gonarsa aka yi. Ya ce tun daga nesa suka ji murya. Helen ce a kan rumfa tana karatu da ƙarfi don na rumfar maƙwabta su ji, igiyar gwangwani a ɗaure a babban yatsan ƙafarta, tana ja tana karatu. Da ta tsaya don ganin baƙo, sai wani ƙaramin yaro daga can ya ɗaga murya ya ce ta ci gaba mana, baƙon ai ba tsuntsu ba ne.

Daga nan suka wuce ruga. Aka kawo wa sufeto wani mai jan zare, ya yi baƙi da hayaƙi, yana ƙamshin man shanu, kusurwarsa guda babu. Ardo ya ba da haƙuri ya ce ɗan maraƙi ne ya tauna, shi ma ya ji an ce a ci shi kamar tuwo. Sufeto ya juya littafin a hannunsa. Sannan ya ce, "Malam Maude, na zo da mota in kwashe littattafai. Ban ga wanda zan iya ƙwacewa a hannun kowa ba."

Motar ta koma babu kaya. Kafin a girbe dawa ta dawo da sababbin akwatuna.

Jama'a, wannan nasara ce, kuma tamu ce duka. Ku dubi wurin nan. Bappayo yau shi ake kira in saniya ta kwanta, daga nan har Yangoji. Helen tana koyarwa a makarantar da ta yi karatu. Akwai direbobi a tashar Zuba da suke ajiye littafi a gefen kujera, akwai matan aure a garin nan da suke karanta wa mazansu takardar asibiti. Malam Maude ya kasance malami ba tare da bulala ba. Ya kasance uba ga 'ya'yan da bai haifa ba, bai taɓa tambayar yaro ina ubansa yake salla kafin ya miƙa masa littafi ba. Ya kasance yana cewa littafin da ya tsufa a hannu ya fi wanda ya tsufa a akwati, kuma shi kansa a hannun jama'a ya tsufa.

Yaya Zulai, Hansatu 'yar fari da ƙannenki, kada ku ce bai bar muku gida mai bene ba. Ya bar muku garin da duk ƙofar da kuka ƙwanƙwasa za a buɗe. Ku riƙe kanku da girma, ku 'ya'yan mai nasara ne.

Saura magana ɗaya, ita ce ma ta sa na yarda na tashi. Tun ranar da Malam ya rasu, kowa yana tsoron ya riƙe amanar mamaci. Sai aka yi ta dawo da littattafai, daga gona, daga ruga, daga tasha, har wanda aka ara tun kafin yaƙin basasa. Niyya mai kyau ce, Allah ya ba da lada. Amma jiya na leƙa ɗakin na tarar da kanta a cike maƙil, kuma ban taɓa ganin ya yi kama da kango irin jiya ba. Na sake tambayar Malam Liman. Ya ce littattafan ba na mamaci ba ne, na gari ne, babu nauyinsa a kan kowa. Hutu ya kusa, gero ya fara fitar da kai. Dagaci ya amince Helen ta riƙe mabuɗi, za ta buɗe ranar Litinin da hantsi. Duk wanda ya dawo da littafi don Malam, ina roƙonsa ya turo ɗansa ya ɗauki wani don Malam. In mun bar ɗakin nan a cike, mu muka rufe shi da hannunmu, ba sufeto ba.

Na gode muku da kuka saurari mai ƙaramar murya. Inda na yi kuskure a yafe mini.

Ya Allah, bawanka Maude ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Duk harafin da wani yaro ya karanta ta dalilinsa, ka sa a mizaninsa. Ka tsare iyalinsa, ka ba mu damina mai albarka, ka ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum. Sai Litinin, a ƙofar ɗakin karatu.